Mai Farautar Tsatsa a Fiffiken Jirgi

Yau an bar iyalai su shiga rumfar jiragen yaƙi. Ina zaune ina jiran ɗana, wanda matuƙi ne, sai idona ya faɗa kan wata mata a durƙushe ƙarƙashin fiffike. Gajeriya ce, kakinta duk baƙin mai, tabarau na zamo mata kan hanci tana tura shi da bayan hannu. Yadda take dafa gwiwa in za ta miƙe, da gani ta daɗe a aikin nan, wataƙila ma ta aurar da 'ya'ya.

Tana liƙa wata 'yar na'ura kamar maɓallin riga a wani lungu na fiffiken, tana duba kwamfutar hannunta.

Na ce, "Sannu da aiki, Injiniya. Mene ne wannan?"

"Yauwa, Baba. Ɗan rahotona ne," in ji ta, tana dariya. "Tsatsa ba ta sallama, ta ciki take cin ƙarfe. Wannan da ya ji danshi zai turo min saƙo, ba igiya ba waya. In ya ce da matsala, jirgin nan ba ya tashi, ko wa zai yi fushi."

Ta koma kan aikinta, ba ta san ɗana ke tuƙa jirgin ba. Kullum yaron kaɗai nake yi wa addu'a. Daga yau har da ita.