Na Rubuta Kaka Cikin Kaya

Ban gaya wa kowa ba, amma na kusa sa a hana Baba lasisin dakon kaya.

Ni na cika masa fom. Inda aka tambayi abin da motarsa ke ɗauka, na rubuta gaskiya: gero, dawa, awaki, da Kaka ranar kasuwar Shinkafi.

A ofis a Ƙaura, ma'aikacin ya ajiye biro. "Malam, tsohuwa ma kaya ce? Ai lasisin fasinja daban ne."

Na dunƙule cikin hijabi.

Baba ya ce, "Yallaɓai, wane fasinja? Ita ke tuƙa motar da baki."

Mutumin ya yi dariya, ya soke sunanta, ya buga hatimi.

Na yanke shawara Kaka ba za ta taɓa ji ba. Ku da kun gaya mata?