Dabinon da na tauna wa ɗan yayana

Shekarar da kumburin ya same ni ban daɗe da gama elementare ba, ina zaune a gidan yayana a Yakasai. Ƙasan kunnena na hagu ne ya tashi. Kowa ya ce hangum ne, aka shafa mini shuni. Amma hangum kwanaki yake yi ya tafi, wannan kuwa ya haura wata biyu. In na danna wurin sai wani abu mai gishiri-gishiri ya tsarto mini cikin baki. Na tofa a tafin hannu na duba, mugunya ce. Ban gaya wa kowa ba. Alwala sai na sake ta sau uku kafin zuciyata ta yarda.

Ana cikin haka matar yayana ta haifi namiji, shi kuwa yana wajen fatauci. Gwaggonmu ta kira ni cikin gida, ta miƙo mini jaririn da ƙwayar dabino.

"Yi masa huɗuba, ka tauna wannan ka sa masa a baki. Yau kai ne ubansa."

"Gwaggo, bakina ba lafiya."

"Ji ɗan nan! Bokon ne zai hana ka sunna? Yawun baffa ai albarka ne."

A makaranta an koya mana cuta tana bin yawu. Na sani sarai. Amma mata sun cika tsakar gida suna kallona, na ji kunyar a ce na ƙi ɗan ɗan'uwana. Na tauna da gefen dama, na lakato kaɗan na shafa masa. Ya tsotsi yatsana.

Washegarin suna kuncinsa ya kumbura, ya yi zafi, ya ƙi nono. Wanzami ya duba ya ce ya yi ƙanƙanta da sakiya. Kwanansa goma sha biyu a duniya.

Nawa kumburin daga baya ya fashe da kansa, ya warke.

Da yayana ya dawo na same shi a zaure na faɗa masa komai.

"Kul!" ya ce. "Kwanansa ne ya ƙare. Kada ka ja wa kanka saɓo."

"Yaya, ka dai yafe mini."

"Me ka yi da zan yafe?"

Shekaru bayan haka na tambayi wani malamin asibiti ko yawuna ne sanadin mutuwar jaririn. Ya ce mai yiwuwa ne, mai yiwuwa kuma ba shi ba ne.

Na sake roƙon yayana sau biyu kafin ya rasu. Na ƙarshen ma dariya ya yi, ya ce in bar shi ya huta.