Farfela Mai Cin Yaji

Ruwa ya janye a gaɓar tekun garin Galesong, jirage sun kwanta a yashi. Ga wani dattijo tsugune a gindin nasa jirgin, tumbi a gaba, turmin dutse tsakanin ƙafafu. Barkono yake dakawa da kitsen saniya, yana shafe farfelar jirgin da haɗin a tsanake kamar mai sa wa amarya lalle. So yake 'yan katantanwar nan masu liƙe wa ƙarfe su ji yaji su haƙura, don in suka kama, jirgi ba ya gudu, sai ya iso kasuwar kifi an watse. Da ganinsa ya sha isowa a makare.

Yana hawaye yana dariya, ruwa kuma ya fara dawowa. Sai ga wata mata riƙe da ludayi, matarsa ce ba shakka.

"Daeng Ngalle, yara su ci shinkafa gaya, farfela ta ci yaji?"

"Uwar yara, ita fa ke ciyar da mu."

Ta dangwala, ta ɗanɗana, ta taɓe baki. "Ina yajin? Wannan ai walima ka haɗa wa katantanwar. Matsa."

Ta kwance bakin zani, barkono ya zubo jajir cikin turmin.