Ƙararrawar Kekena a Burtalin Bayan Jiwa

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da abokin aikina, kekunanmu biyu ɗaure a bayan motarsa. Ya daɗe yana damuna da labarin wata hanyar tuddai a bayan Jiwa, wai in na hau ta sau uku tumbina zai sace. Tunda likita ma ya faɗi haka, na ce mu je.

Unguwar Karmo ta riga mu tashi. Masu baro da 'yan acaɓa sun cika titi, kowa na ganin shi ya fi sauri. Muka tsaya wajen wata mai ƙosai da ke kiran kowa oga. Ƙosan bana ya koma girman goro, kuɗinsa kuwa sai hawa yake. Muka kora da koko, muka ajiye mota wajen wani bakanike, muka hau kekuna.

Ga mai niyyar zuwa, hanyar ba ta wasa ba ce da damina. Jar laka tana kama taya, ruwa ya yanka kwazazzabai a tsakiya, inda babu laka kuma tsakuwa ce mai zamewa, ga kashin shanu ko'ina. Tudun farko tura keken na yi ina haki. Wasu masu tattaki da sanduna suka wuce mu suna mana sannu, har da wata dattijuwa, abin kunya. Amma daga sama kallo ya biya: sabbin gidajen Abuja suna ta matsowa, gonaki da makiyaya sun takure a ɗan abin da ya rage.

A gangara abin ya faru. Hanyar ta zama burtali matsattse, hagu dutse, dama gonar masara da ta yi goyo, an kewaye ta da shingen ƙaya. Ina shan kwana sai ga garken fararen shanu suna hawowa, wani makiyayi mai furfura a bayansu. Birkina ya sha laka, sai ƙugi yake. Na manne wa gefen dutse, na hau kaɗa ƙararrawa kamar ina cikin kasuwa. Shanun suka firgita, suka guje ni, suka danna shingen ya kwanta.

Makiyayin ya ɗaga murya ya ce mu sauka mu koma ɓangaren gona. Muka gicciya kekuna a bakin ɓarakar. Wani bijimi ya tsaya dab da ni, ina jin hucinsa a hannuna. Dattijon ya yi ta kiransu da sunayensu har suka lafa, amma huɗu sun riga sun shiga, sun kwantar da kunya biyu kafin ya fito da su.

Mai gonar, wata Bagwariya da ƙwarya a kafaɗa, ta taho daga ƙasa. Ta duba ɓarnar, ta juya ta kwaɗa kira. Kafin mutanenta su iso, makiyayin ya gaya min a hankali cewa mai unguwa ya riga ya yanke hukunci: in shanunsa suka sake taɓa gona a daminar nan, zai tayar da rugarsa. A nan ya aurar da 'ya'yansa, a nan ya binne matarsa. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Mijin mai gonar ya iso da maza biyu, ɗaya riƙe da adda. Ko kallonmu bai yi ba. Ya nuna makiyayin da yatsa.

"Shanu naka ya shiga kuma. Mun gama magana tun wancan. Yau za ka tashi."

Ya zaro waya yana neman lambar mai unguwa. Makiyayin ya dogara da sandarsa. Abokina ya ja rigata, ya raɗa min cewa ba wanda ya kula da mu, mu sulale, rigimar manomi da makiyayi ba ta ɗan ofis ba ce. Ba zan ɓoye muku ba, ƙafata ta riga ta hau feda. Tsoron addar nan nake ji.

"Baba, dakata," na ce. "Ni na kore su."

Mai addar ya matso. Na nuna musu sawun tayata a gefen dutse. Matar ta ajiye ƙwaryarta, ta bi sawun a duƙe har kwana, ta dawo. Ta sa yatsa ta kaɗa ƙararrawar sau ɗaya, shanun gaba ɗaya suka ɗaga kai.

"Oga, duk girma naka ba ka sani ba? In shanu yana zuwa, mutum yana tsaya gefen gona, ya yi shiru. Kai ne shinge."

Ta yi wa mijinta magana da yarensu. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya mayar da ita aljihu. Hukuncina shi ne gyaran shinge. Da addar nan na sari ƙaya har azahar, abokina yana jawowa, makiyayi da manomi kowa na ɗaure nasa ƙarshen. Da muka gama, matar ta tattara karan da ya karye ta jefa wa shanun ta saman shinge.

Mun iso gida bayan la'asar. Maiɗakina ta zauna da allura tana cire min ƙaya tana tambaya ko haka ake rage tumbi. Hanyar dai tana da kyau, ku duba birki, in kun haɗu da garke ku sauka ku tsaya ta gefen gona. Mu wasa ya kai mu, su kuwa rayuwarsu ce a kan hanyar. Ƙararrawar na kwance ta a ranar. Abin da na kasa cirewa a raina shi ne ƙafata a kan feda, da dattijon nan da ya gan ta, ya sunkuyar da kai bai tona ni ba.