Tsaga Goma Sha Takwas a Gwiwar Yaya Kaltoumi

Yayata Kaltoumi tela ce, shekararta goma sha shida a unguwar Derrière la Prison, nan Gabon, tana taka keken ɗinki. Ni nake yi mata aikin guga, kuma ba abin da ke wucewa ban ƙirga ba. A rana takan gama riga huɗu. Bara sai ya koma biyu, sannan ɗaya.

Gwiwar hagu ce ta fara kumbura, ta yi zafi, ta sace bayan sati uku, ciwon ya koma idon sawun dama, sannan ya dawo gwiwar. Tsoronmu ɗaya: kada ƙafar ta mutu, keken ya tsaya. Kowa ya ce sanyin Gabon ne, ruwa ba ya ɗaukewa. Na ɗauko Malam Ilyas wanzami daga unguwar Cocotiers ya yi mata ƙaho a gwiwar. Tsaga goma sha takwas. Kwana biyu, kowace tsaga ta zama ƙurji mai ruwa. Na ƙirga sau uku. Goma sha takwas cif. Malam Ilyas ya rantse bai taɓa ganin haka ba, maƙwabta suka fara zancen jifa.

A asibiti likita ta daɗe tana duba ƙurajen, sannan ta tambaya ko bakinta yana yin gyambo. Yaya ta ce a'a. A wurinta wannan ba cuta ba ce, zafin jiki ne kawai.

Na ce, "Yaya, sau biyar tun ƙaramar Sallah. Kwana talatin da ɗaya kunu kaɗai kika iya sha."

"Ke har loma kike ƙirga mini?"

Likita ba ta yi dariya ba. Ta fitar da ni waje, ta yi mata wasu tambayoyin. Bayan gwaje-gwaje ta ce cutar Behçet ce: jijiyoyin jini ne ke kumbura, shi ya sa ko tsinin allura kan tayar da ƙurji. Gwiwa dai da wuya ta lalace, in ana shan magani. Amma cutar takan taɓa ido, kuma ranar da gani ya yi hazo, a zo a ranar.

Yanzu ƙafar ta koma kan keke, riga uku a rana. Kullum da safe nakan tsaya a bayanta, ina kallon yadda take zura zare a allura. Da, sau ɗaya take yi. Yau sai a na uku. Ta ce zaren ne ba shi da kyau. Na kashe dutsen guga, na fita in tare mana taksi zuwa asibiti.