Ajami a Bayan Kaset ɗin Pam

Shekara goma sha uku ke nan da rasuwar abokina Pam, mai gyaran rediyo a Tudun Wada. Ya rasu a shekarar da aka hana acaɓa a cikin Jos.

Pam ba waƙa yake ɗauka ba, ƙara yake ɗauka. Sai ya rataya rikoda ya nufi tsohon ramin kuza, ya naɗo kukan kwaɗi, ko sarar masu fasa dutse, ko ƙanƙara a kan kwano. Wasu har cewa suke yi ya taɓu. Matarsa kuwa, duk kaset ɗin da ta samu sai ta naɗi waƙoƙin zumuntar matan coci a kai. Shi ya sa ya riƙa kawo mini su gidana a unguwar Ali Kazaure ina rubuta musu suna da Ajami. Da ta ga rubutun, sai ta ɗauka karatuna ne na malanta, ba ta ƙara taɓa ko ɗaya ba.

Dabarar nan ce ta zame mini kaya. Bayan jana'iza matar ta aiko mini da kaset ɗin a kwali, wai ga kayana. Na san ba nawa ba ne, amma kewa ta sa na yi shiru. Kullum na ɗaga ido na ga kwalin a kan durowa, sai in yi istigfari in ce gobe.

Bana 'yarsa Kangyang ta fitar da faifai ita da abokanta, ta zo ta kunna mini a waya. Jita na kururuwa kamar injin markaɗe, a ƙarƙashi kuma ga ƙarar keken ɗinki da ta naɗo a Titin Bauchi. Ta ce bilak metal ake kiransa, har a ƙasashen waje ana saurare. Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, kunnena bai ɗauka ba. Amma na san da Pam na nan, zai karkata kai ya tambaye ta wane irin keke ne. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Tana shirin tafiya ta ce abu ɗaya ke damunta: ta fara manta muryar babanta.

Na sauko da kwalin, na faɗa mata gaskiya, na nemi gafara. Na riƙa karanto sunayen tana rubutawa da boko, har muka zo kan wanda na rubuta wa "Ruwan sama, Pam yana dariya".

Ta daɗe tana riƙe da shi, sannan ta ce, "Baba Malam, da a gidanmu suke, da tuni an zubar da su lokacin da muka tashi. Na yafe."

Alhamdulillahi. Pam bai bar gida ba, bai bar mota ba. Kunne ya bari, ya kuma sami magajiya. Kwalin ya koma hannun mai shi, ni kuma na sauke.