Ranar da Tabilet Ta Ƙi Yatsana

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba zan manta da ranar da tabilet ta kunyata ni a gaban Alhaji ba.

A lokacin ina aiki a wani kamfanin jigilar kaya a Garwa, mai aika motoci Mora da Tuboro. Mijina kuwa yana aiki a Marwa, sai ƙarshen wata muke ganin juna. Da Alhaji mai kamfanin ya sayo tabilet mai sabon sistam, sai ya ce mini, "'Yata, ki gwada ta. In za ta iya aikin tsohuwar kwamfutarmu, zan buɗe ƙaramin biro, wato ofishi, a Domayo, ke za ki riƙe shi." Domayo fa, unguwar da mijina yake haya a Marwa! Na fito ina murmushi ni kaɗai kamar sabon kamu.

Na ba ta wuya iya wuya. Na buɗe shafi biyu gefe da gefe, na haɗa ta da injin buga takarda, na bi motocinmu a taswira. Aka ɗauke wuta, kwamfuta ta mutu, ita ko a jikinta. Abin da ya fi burge ni shi ne da yatsa ake buɗe ta. Na sa nawa, na sa na Madam, abokiyar aikina, Kirista 'yar kan duwatsun Mora. Lambar sirrin da mai gyaran kwamfutarmu ya saka mini tun ranar farko kuwa, ban sake bi ta kanta ba. Ina ruwan mai yatsa da lamba?

Ana jibi zan nuna wa Alhaji, aka yi bikin ƙanwata. Ni ce babbar yaya, don haka mai lalle ta zauna a kaina, ta rina mini kan yatsu baƙi wuluk.

Ranar Litinin na shiga ofishin Alhaji ina taku ɗai-ɗai. Na ce, "Alhaji, kalli ikon Allah." Na ɗora yatsa. Tabilet ta yi ɗan kaɗawa, ta ƙi. Na goge a zani, na sake. Ta ƙi.

"Ina kallo," in ji Alhaji.

Na ƙwala wa Madam kira. Ta shigo da gudu tana cewa, "Ma soeur, 'yar'uwata, kawo, ni ta san ni." Tana miƙo hannu na dafe kai. Ai ni na ja ta bikin, ni na zaunar da ita gaban mai lallen! Muka kalli hannuwan juna, sai dariya ta ƙwace mana. Aka kawo lemon tsami, aka kawo omo, muna dirza muna ƙyaƙyatawa har da hawaye. Muka yi ta dangwala mata yatsu har ta gaji da mu, ta ce sai lamba. Lamba kuwa ta bi iska.

Alhaji ya gama dariyarsa, ya share ido da bakin rawani. Sannan ya ce, "To 'yata, ta isa aiki ko ba ta isa ba?"

Nan dariyata ta tsaya cak. Na ga Domayo tana yi mini nisa. Na ce, "Alhaji, komai ta iya. Mu ne dai ba ta sani ba."

Ya ce, "Rabin ma'aikatana mata ne. Da na saya wa kowa, aka wayi gari bayan Sallah, wa zai sallami motoci? Yau ne kika gwada ta." Ya shafa jan gemunsa, ya ƙara da cewa, "Kada kuma a sa mai gane fuska, ni ma jiya na sha nawa lallen. A kai wa mai gyara ya cire yatsan nan. Ki haɗa kayanki, Domayo na jiranki, amma ki haddace lamba."

Ban san lokacin da na rungume Madam ba, muna tsalle, hannu duk kumfa.

Tun daga ranar, in aka ba ni sabon abu in gwada, ba na tambayar me ya iya kawai. Sai na tambaya ko zai iya da mu, da bikinmu da Sallarmu. Mijina kuwa har yau in na yi lalle, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce bai gane ni ba, in faɗi lamba.